Yadda Zabon Hajiya Rabi Ya Bar Jakara

Makon jiya wani saurayi mai jakar kwamfuta ya tsaya a ƙofar shagona a Mandawari. Ya leƙo, ya ga tafireta, ya ga fayil-fayil har rufi, ya yi dariya ya ce, "Baba, har yau kana wannan wahalar? Miƙa tambari ai aikin minti goma ne a waya." Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a lokacin, da sai an kira mai unguwa. Yanzu na ɗan huce, kaɗan fa, ba duka ba. Saboda haka zan ba shi amsa, shi da duk masu irin tunaninsa.

Sunana Habu. Shekara talatin da 'yan kai ina aikin takardun tambari. Tambari shi ne alamar da mai kaya yake sa wa kayansa, ko suna ko zane, ya yi masa rajista a ofishin gwamnati don kada wani ya ɗauka. Ni aikina yana tashi ne ranar da tambarin zai sauya hannu: uba zai ba ɗansa, mai kamfani zai sayar, ko abokan ciniki za su raba gari. Ni ba lauya ba ne. Ni nake zama da mutanen, in tsara takardar miƙa mallaka, lauya ya duba ya buga hatimi, a kai Abuja a sauya sunan mai shi a littafin rajista. A baki kamar shan ruwa. To a cikin wannan aikin na minti goma Hajiya Rabi ta Jakara ta rasa zabonta, kuma zabon nan shi ne abincin gidanta da na mata tara da suke mata aiki.

Aikina na farko a hannun maigidana, marigayi Malam Tanimu na Sheshe, ko harafi ɗaya ban buga ba. Wani attajiri ne zai sayar da tambarin ganyen shayinsa, mai zanen buta a jikin kwali. Na zo da zumuɗi, na iya tafireta, ina jiran a ce in zauna in nuna gwaninta. Malam Tanimu ya miƙo mini fensir da 'yar takarda, ya ce in tafi kasuwar Kurmi in zauna a gefen mai tebur ɗin da ke sayar da shayin, daga hantsi har la'asar, in rubuta duk abin da masu saye suka ce. Na tafi ina ƙunƙuni. Na wuni ana ture ni, ana taka mini ƙafa. Da na dawo ya ce in karanta. "Ba ni mai buta." "Akwai mai buta?" "Mai buta guda biyu." Ya ce, "Mutum nawa suka faɗi sunan da ke jikin kwalin?" Na duba sama da ƙasa, na ce babu ko ɗaya. Ya ce, "To yanzu ka san abin da ake sayarwa. Wanke hannunka ka zauna."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tafireta, da takardar kabon don a fitar da kwafi uku, da tawadar dangwale saboda waɗanda ba sa sa hannu, da almakashi da gam don yanko tambarin daga jikin kwali a manna a takarda, da madubin ƙara girma don karanta lambar da ta dushe. Kowane tambari da lambarsa, da ajinsa, domin na sabulu daban na abinci daban, da ranar da ake sabunta shi. Ka kuskure lamba ɗaya, ka miƙa dukiyar wani da ba ka taɓa gani ba. Malam Tanimu yakan sa ni in karanta lamba da ƙarfi sau uku, sannan in karanta ta daga ƙarshe zuwa farko. Idan na yi gaggawa, ya zare takardar daga tafireta ya yaga a gabana, ko da saura layi ɗaya in gama.

Amma babban kayan aikin tambaya ce, kuma ita ce mutanenmu suka tsana. Rajistar guda nawa ce? Da sunan wa aka yi, kai ko kamfaninka? An sabunta? Da cinikin za a miƙa ko ban da shi? Akwai wata takardar a akwati? Mutumin cikin gari idan ka yi masa tambaya ta uku, sai ya ɓata rai ya ce, "Malam Habu, ba ka yarda da ni ba ne?" Na yarda da kai mana, Alhaji. Magadanka ne ban sani ba. An zage ni a kan tambaya, an kira ni mai tsawaita zance, wani ma ya tashi da shayinsa a hannu ya tafi. Duk wanda ya daure ya amsa, har yau takardarsa tana tsaye.

Shekarar da aikin ya koma intanet ita ce shekarar da ta fi kowacce muni a gare ni. Kada ku ce ƙin zamani nake yi. Na koyi kwamfutar, ga ta can a lulluɓe, kuma ta rage mana zaryar Abuja. Abin da ya ƙona mini rai shi ne duk yaron da ya iya danna maɓalli ya wayi gari wakilin rajista. Suna bin shaguna suna cewa tsofaffin nan ɓata muku lokaci suke yi. Mutanen da na yi wa iyayensu aiki suka riƙa wuce ƙofata suna kau da kai. Wata huɗu ban buga takardar tambari ko ɗaya ba, na koma rubuta wa mutane takardar hayar shago. Ina zaune ina tafasa, a wannan halin maganar Alhaji Ilu ta same ni.

Alhaji Ilu na Jakara man shafawa yake yi tun ina yaro. Sunan man Nasibi, a jikin kwalbar kuma akwai zanen zabo yana kallon dama. Rajistarsa biyu ce. Ta sunan man, Malam Tanimu ne ya yi masa ita da farko. Ta zabon sai bayan shekaru, da wani ya fara kwaikwayon zanen, kuma ni na buga ta da hannuna. Takarda biyu, lamba biyu, duk a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadon Alhaji. Daga nan har ƙauyukan da ba su da kwalta, ba mai cewa Nasibi. Mai zabo ake cewa.

'Yarsa Hajiya Rabi ita take dafa man tun shekara ashirin da suka wuce. Ita ta san gwargwadon turaren, ita ta san lokacin da za a sauke tukunya da ƙamshi kawai. Yayanta Sani cinikin motoci yake yi, bai taɓa riƙe muciya ba. Da tsufa ya kama Alhaji, ya yi abin da ya dace, ya ce zai miƙa mata tun yana raye. Ya kira limamin unguwa, da maƙwabcinsa, da Nura ɗan ƙaninsa wanda ya gama makaranta ya sayi kwamfuta. Ni ba a kira ni ba. A masallaci na ji labari, daga bakin wani da ya zaci na sani.

Abin da Alhaji ya faɗa a gaban shaidu gajere ne. Ya ce, "Ku shaida, na bar wa Rabi sunan."

Ku da kuka tashi a cikin ganuwa kun san abin da dattijo yake nufi idan ya ce suna. Idan aka ce gidan wane sun yi suna a man shafawa, ana nufin amanar da mutane suka ba su, da masu sarin da ke zuwa daga nesa, da zabon, da komai. Shi Alhaji duniyarsa ya miƙa. Nura kuwa ya ji suna, ya buɗe akwati, ya ga takarda mai rubutun Nasibi a sama, ya ɗauka. Ta zabon tana ƙasa a cikin wata ambulan, bai ɗaga ba. Bai tambayi ko akwai wata ba. Ya buga, Alhaji ya dangwala, shaidu suka sa hannu, kafin azahar an gama har an ci abinci. Ana ta sa masa albarka ana cewa yaran yanzu ba su da wasa.

Bayan kwana uku Hajiya Rabi ta zo shagona da kanta, takardar a cikin leda. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta ajiye ledar a kan teburina.

"Malam Habu, an yi abin nan ba ka nan. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ka duba mini."

Na ce, "Hajiya, ai kun samu wanda ya san zamani. Ki kai wa mai kwamfuta ya duba miki."

"Haba Malam Habu. Dubawa kawai. Kai ka san takardun Baba."

"Da na san su, ai da an kira ni."

Na juya na ci gaba da buga takardar hayar wani mai gyaran rediyo, kamar ita ce aikin da duniya take jira. Ta ɗan tsaya, ta ɗauki ledarta, ta ce a gai da gida. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ɗauka Nura kaɗai nake jin haushi. Takardar nan ta kwanta a teburina. Da na zare ta daga leda, kallo ɗaya zan ga lamba ɗaya a inda ya kamata a ga biyu. Alhaji Ilu ya ƙara wata takwas a duniya da hankalinsa garau. Shafi ɗaya da dangwale ɗaya sun isa su gyara komai. Girman kai ya hana ni, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Da Alhaji ya rasu aka zo rabon gado, aka fito da akwatin ƙarfe, aka lissafa abin da ke ciki har da ambulan ɗin nan. Aka tambayi Hajiya Rabi. Ita kuwa, da kawaici irin na 'yar gidan mutunci, ta ce, "Ni Baba ya riga ya sallame ni. Duk abin da ya rage na harkar kasuwa na yafe wa 'yan'uwana." Aka rubuta, ta sa hannu. A zatonta tsofaffin rasiɗai take yafewa. Takardar zabo ta faɗa a rabon Sani.

Sani bai iya dafa mai ba, amma ya iya gane abin da zai sayu. Ba a rufa shekara ba ya sayar da zabon ga wani mai masana'anta a bayan gari. Na ga takardar da aka yi musu daga baya, kuma dole in faɗi gaskiya, aiki ne mai tsafta. Lamba daidai, aji daidai, zanen a manne, an kai Abuja an sauya suna. Wanda ya yi ta ya yi tambayoyinsa. Har na tsaya ina yaba ta kafin in tuna wuƙa ce da za a yanka Hajiya Rabi da ita.

Sai ga wasiƙar lauya an kawo Jakara, wai Hajiya Rabi ta daina sa zanen zabo a kwalbarta, domin mallakar wani ne. Ta sake zuwa shagona, da ledar nan dai, da wasiƙar a kai. Wannan karon ban jira ta roƙe ni ba. Na zare, na duba, na sa madubi duk da ba na bukatarsa. Lamba ɗaya. Na ce a kira mini Nura.

Ya zo yana wasa da mukullin babur. Na ce, "Takarda nawa ka gani a akwatin Alhaji?"

"Wadda ake bukata na ɗauka, Baba Habu."

"Na ce nawa ka gani?"

"Ni dai ban bincika masa kaya ba. Suna ya ce, suna na rubuta. Ga shaidu nan a tambaye su."

"Ka taɓa jin wani ya shiga kasuwa ya ce a ba shi Nasibi?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Fom ɗin bai tambayi wannan ba."

Fom ɗin bai tambaya ba! Wallahi da ba don Hajiya tana zaune ba, da na yi abin da za a daɗe ana ba da labari. Fom ba ya tambaya, ɗan nan. Fom rami ne, abin da ka zuba shi yake karɓa. Kai aka kira don ka yi tambayar. Na faɗa masa wannan da wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Yana fita na tuna ni ma an kawo mini ban duba ba.

Muka je wurin lauyan da nake aiki da shi. Ya kira liman da maƙwabcin, ya ce su faɗi abin da suka ji daga bakin marigayi, kada su ƙara kada su rage. Mutanen kirki ne, ba za su yi ƙarya ba. Kowannensu ya ce, "Cewa ya yi, na bar wa Rabi sunan." Liman ya ƙara da cewa, "Amma kowa ya san abin da yake nufi." Lauya ya ce haka ne, sai dai wancan ɓangaren za su ɗaga takardar Nura su ce ga suna an ba ta, su ɗaga takardar gado su ce ga sauran ta yafe. Ya ce ana iya shiga kotu, akwai abin kamawa, shekara ashirin tana amfani da zanen ba wasa ba ce. Amma za a daɗe, kuma dole a tsayar da Sani a yi masa tambayoyi a bainar jama'a.

Hajiya ta girgiza kai. "Ba zan tsaya gaban alƙali da Yaya Sani ba. Ciki ɗaya muka fito."

Na ce, "Hajiya, shi ya tuna da cikin da ya sayar?"

"Wannan tsakaninsa da Allah ne, Malam Habu."

Na yi magana har muryata ta dushe. Na je wurin Sani da ƙafata, ya bar ni a tsaye a rana yana amsa waya, daga ƙarshe ya ce shi halalinsa ya sayar. Na je wurin mai masana'antar ko zai ba ta izinin amfani da zanen, ya karɓe ni da lemo da fara'a, ya ce zai yi shawara. Har yau yana shawarar.

Ranar da aka cire zabon ina gidan. Kwalabe ne cike da ɗaki, an riga an manna musu takarda. Matan suka zauna a tsakar gida da bahon ruwan ɗumi, suna jiƙawa suna kankarewa da cokali. Wuni guda ana yi. Aka manna sabuwa, fara fat, da rubutun Nasibi da manyan baƙaƙe. Man dai shi ne, hannun da ya dafa shi ne, ƙamshin bai sauya ba. A kasuwa kuwa ga mai zabo nan ya cika tebura, na masana'anta, ruwa-ruwa, idan ya sha rana sai ya tsinke a cikin kwalba. Shi mutane suke saye. Cikin 'yan watanni mata tara suka koma uku.

Kwanan baya na je Jakara kai mata takardar sabunta rajistar sunan. Ina zaune a zaure wata dattijuwa ta yi sallama da kwandonta. Mai sari ce daga wani ƙauye a arewacin gari, ta fi shekara goma tana saye a gidan. Hajiya ta fito da kanta, suka gaisa, ta miƙa mata kwalba. Matar ta buɗe, ta shinshina, ta lakata ta shafa a bayan hannu. Ta juya kwalbar gaba da baya.

"Hajiya, har yanzu zabon bai dawo ba?"

"Ya tashi, Inna. Amma man shi ne."

"Na sani, 'yar nan. Hancina ya gaya mini. Wancan zuwan na kai wa mutanen garinmu irin wannan, na rantse musu naki ne, suka ce na kawo musu jabu. Har yanzu yana ɗakina. Matan garinmu ba su iya karatu ba, zabon suka sani." Ta mayar da murfin a hankali, ta ajiye kwalbar a kan tabarma. Kunya ta kama ta, ta ce, "Don Allah kada ki ji haushina. A ina zan samu mai zabon?"

Ni na yunƙura zan yi magana, Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta kwatanta mata layin a Kurmi, da shagon, har da inda za ta juya. Matar ta ɗauki kwandonta babu komai a ciki. Ta kai bakin ƙofa Hajiya ta kira ta.

"Inna, idan kin je ki ɗaga kowace kwalba ki duba ƙasanta. Wadda ta tsinke kada ki karɓa. Kuma ki lulluɓe kwandon, nasu ba ya son rana. Kada matan garinku su ce zabon Baba ya lalace."

Sannan ta koma ciki, don ta bar tukunya a kan wuta.